Godiya da Lafiyar Jiki: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Tun daga shekarar 2003 masana halin ɗan Adam da likitoci a Amurka da Ingila su ke ta gwaje-gwaje, don su gane ko mutumin da ya saba da ƙirga alherin da ya samu ya fi wanda bai saba ba lafiya. Ya kamata hakimai da malamansu su san abin da aka gano, gama su ne ke zaune da jama'a kullum, gare su a ke kawo kuka, gare su kuma a ke kawo godiya. A taƙaice dai, godiya tana taimakon barci da kwanciyar rai, amma taimakon kaɗan ne, bai kai matsayin magani ba. Wanda ya riƙe farkon maganar nan ya saki ƙarshenta yana iya cutar da talakawansa alhali yana tsammani alheri ya ke yi musu.

Irin godiyar da a ke nufi

A ƙasar Hausa godiya ba baƙuwa ba ce. In an ce wa mutum ina aiki, sai ya ce aiki da godiya. In Sarki ya yi wa wani kyauta, kafin ya buɗe baki fadawa sun riga sun ce godiya ya ke. An ce yaba kyauta tukwici, kuma da wuya a sami zagin da ya fi a kira mutum butulu ciwo. Duk wannan ladabi ne mai kyau, yana gyara zaman tare. Amma abin da masanan nan suka gwada ya ɗan bambanta da shi. Shi ne mutum ya keɓe kansa na ɗan lokaci, ya tuna da waɗansu abubuwa ƙayyadaddu da suka yi masa daɗi a makon nan ko a yinin nan, ya ambaci ko wanne da sunansa, da wanda ya zama sanadinsa, sa'an nan ya rubuta. Watau kamar ya ce maƙwabcinsa ya ara masa amalanke ran kasuwa, ko ɗansa da ya kwana biyu da zazzaɓi ya tashi ya ci tuwo, ko an yi ruwa kwana ɗaya bayan shuka. Godiyar gaisuwa baki ke furta ta ko da zuciya tana wani wuri. Ita kuwa wannan dole sai hankali ya tsaya bisa abin.

Gwajin da aka fara

Malamai biyu, Robert Emmons na Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis, da Michael McCullough na Jami'ar Miami, su suka buga labarin gwajin da ya buɗe wannan hanya a 2003. Sun ɗauki ɗalibai wajen 200 suka raba su kashi uku. Kashi na farko aka ce ko wane mako su rubuta abu 5 da su ke godiya a kansu. Na biyu su rubuta abu 5 da suka dame su. Na uku kuwa su rubuta abu 5 da suka faru kurum, masu daɗi ko marasa daɗi. Aka yi ta haka har mako 10. Da aka duba takardunsu, sai aka tarar masu ƙirga alheri sun fi sauran ganin zamansu da kyau, sun fi sa ran alheri a makon da ke tafe, kuma ba su cika kukan ƙananan ciwace-ciwace kamar ciwon kai da ciwon ciki ba. Har wa yau sun fi masu ƙirga damuwa motsa jiki da kusan awa ɗaya da rabi a mako.

Malaman ba su tsaya nan ba. Suka sake gwaji da waɗansu ɗalibai, wannan karo ana rubutu kullum har mako 2. Farin ciki ya ƙaru, kuma masu godiyar sun fi ba da labarin cewa sun taimaki wani a cikin matsalarsa, amma ba a ga wani bambanci wajen lafiyar jiki ba. Sa'an nan suka juya ga manya 65 masu fama da cututtukan jijiya da tsoka, da yawa cikinsu waɗanda shan inna ya taɓa kamawa ne tun suna yara, ya bar su da rauni. Waɗannan sun yi kwana 21 ana gwajin. Masu rubuta godiya suka riƙa samun barci mai tsawo, suna tashi da safe jikinsu a sake, har matansu da mazajensu suka shaida sun ga walwalarsu ta ƙaru. Zafin ciwon kuwa yana nan inda ya ke. Abin lura ke nan tun daga farko: zaman mutum da ciwonsa ya yi sauƙi, ciwon kansa bai gusa ba.

A 2005 Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsa suka gwada waɗansu hanyoyi a kan mutane fiye da 400. Waɗansu aka ce su rubuta takardar godiya ga wani da ya taɓa yi musu alheri ba su gode masa yadda ya kamata ba, su kai masa hannu da hannu. Waɗansu kuwa aka ce ko wane dare har mako guda su rubuta abu 3 da suka tafi daidai a yinin, da dalilin da ya sa suka tafi daidai. Masu kai takarda su suka fi kowa murna nan take, amma murnar wata guda ta yi, da aka kai wata 3 ta koma yadda ta ke da. Masu rubutun dare ba su ga wani abin a zo a gani ba da farko, amma bayan wata 6 an same su sun fi da farin ciki, baƙin cikinsu kuma ya ragu, musamman waɗanda suka ci gaba da rubutun don kansu bayan makon ya wuce.

Akwai kuma wani ɗan gwaji mai ban sha'awa na Sonja Lyubomirsky, ita ma a Kalifoniya. Ta sa waɗansu ɗalibai su ƙirga alheri sau ɗaya a mako, waɗansu sau 3 a mako, har mako 6. Masu sau ɗaya ne kaɗai suka amfana. Ana tsammani abin da aka yawaita ya kan zama jiki, ya koma kamar amsa gaisuwa.

Barci, da yadda abin ke aiki

In aka tara gwaje-gwajen duka, wajen barci ne shaida ta fi ƙarfi. A 2009 Alex Wood da abokansa a Ingila suka tambayi mutum 401 game da halinsu da barcinsu. Masu yawan godiya sun fi saurin yin barci, sun fi daɗewa a cikinsa, kuma ba su cika gyangyaɗi da rana ba. Da aka bi diddigin dalili, sai aka ga ya rataya ne ga abin da mutum ke saƙawa a ransa sa'ad da ya kwanta. Mai godiya ya kan kwanta da tunanin abin da ya yi daɗi, wani kuwa ya kwanta da lissafin bashi da maganar da aka faɗa masa a kasuwa.

Wannan ya dace da abin da likitoci suka daɗe da sani. In mutum ya ji tsoro ko fushi, waɗansu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙodarsa su kan zuba sinadarai cikin jini, zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau, tsoka ta ɗaure, don jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. Shirin yana da amfani in maciji ne aka gani a rumbu. Abin da ke ɓata al'amari shi ne jiki bai cika bambanta macijin da ke gabansa da rigimar gonar da a ke tunawa da tsakar dare ba. Hakimin da ya yini yana sauraron ƙarar iyaka da ta gado, ya shiga gida yana maimaita su a ransa, jikinsa na nan cikin shirin faɗa har asuba. Hankali kuwa ba ya riƙe abu biyu sosai a lokaci guda, sabo da haka in aka ba shi aikin neman alheri uku da sunayen waɗanda suka yi su, saƙe-saƙen ya kan sami katsewa, barci ya sami hanya.

A Landan, a 2016, an gwada mata 119 masu ƙuruciya har mako 2. Waɗanda aka sa rubuta godiya barcinsu ya gyaru, kuma a cikin lambobi biyu da a kan samu wajen awon jini, ta ƙasan ta ɗan sauka. A San Diego ta Amurka, Paul Mills ya duba mutum 186 waɗanda zuciyarsu ta fara rauni amma ba su fara jin jiki ba tukuna, ya buga sakamakon a 2015. Masu yawan godiya a cikinsu sun fi barci, gajiyarsu ba ta kai ta sauran ba, alamun kumburi a jininsu kuma sun fi ƙaranci.

Bincike mafi girma shi ne wanda Jami'ar Harvard ta fitar a 2024. An tambayi mata 49,275, ma'aikatan jinya ne tsofaffi, matsakaicin shekarunsu 79, game da godiyarsu a 2016, aka bi labarinsu har ƙarshen 2019. A tsakanin nan 4,608 suka rasu. Bayan an yi la'akari da lafiyarsu ta farko, da abin hannunsu, da zumuncinsu, da zuwansu wurin ibada, an sami mutuwa a cikin kashin da ya fi godiya ta yi ƙasa da ta kashin da ya fi ƙarancinta da kashi 9 cikin 100. Labari ne mai daɗin ji, amma a karanta shi da hankali. Ba a raba matan nan an sa waɗansu godiya an hana waɗansu ba, kallonsu aka yi yadda su ke. Mai ƙoshin lafiya da 'ya'ya masu kula da ita ta fi samun abin da za ta gode a kai, sabo da haka irin wannan bincike yana nuna abu biyu suna tafiya tare, ba ya tabbatar da wanne ya jawo wanne.

Iyakar amfanin

A 2020 David Cregg da Jennifer Cheavens na Jami'ar Jihar Ohio suka tattara gwaje-gwaje 27 da aka yi a kan mutum 3,675, suka auna su gaba ɗaya don su ga ko aikin godiya yana rage ciwon baƙin ciki da na fargaba. Suka sami yana ragewa, amma kaɗan ƙwarai, kuma in aka gwada shi da wani aikin rubutu dabam, bambancin ya kan ƙara ƙanƙancewa. Shawarar da suka ba da ita ce mai irin wannan ciwo ya nemi maganin da shaidarsa ta fi ƙarfi. Inda aka ga godiya ta yi amfani ga marasa lafiya sosai, tare da magani aka haɗa ta. A Jami'ar Indiana, Joel Wong da Joshua Brown sun gwada mutum 293 da ke zuwa ganin masu ba da shawara sabo da damuwa. Waɗanda aka ƙara musu da rubuta takardar godiya ɗaya ko wane mako har mako 3 sun fi sauran samun sauƙi bayan mako 4, da kuma bayan mako 12. Abin mamaki, ko kashi ɗaya cikin huɗu na marubutan bai aika da takardun ba, amma har waɗanda suka ajiye nasu sun amfana.

Sai kuma a tuna yawancin mutanen da aka gwada Amurkawa ne da Turawa, da yawansu ɗaliban jami'a. Da aka gwada ɗaliban Amurka da na Koriya ta Kudu tare, a wani bincike na 2013, 'yan Koriya ba su amfana da takardar godiya kamar Amurkawa ba. Masanan sun ce mai yiwuwa a wurinsu tuna alherin wani yana zuwa da jin nauyin bashi. Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba. Wanda aka kawo wa gudummawa ran bikin 'yarsa ya san akwai ranar da za a dubi hannunsa, kuma talakan da babba ya yi wa alheri wani lokaci godiyarsa a gauraye ta ke da tsoron kada a yi masa gori. Godiyar da ke tsaye bisa tsoro ko kwaɗayi, irin ta fadanci, ba ta cikin abin da aka gwada, ba kuma wanda zai ce tana kawo barci.

Abin da ya shafi hakimi

Haɗari na farko yana wajen marasa lafiya. A al'adar ƙasar nan ko mutum na kwance rai hannun Allah, in an ce yaya jiki, da sauƙi zai ce, ya ƙara da godiya. Wannan haƙuri ne abin yabo, amma dagaci ko mai unguwa da ya je dubiya kada ya ɗauke shi a matsayin rahoto. Ya tambayi iyalin kwana nawa aka yi, ko yana cin abinci, ko an kai shi asibiti. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama ko kaɗan sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ba a kuwa gane shi sai da awo, kuma wanda likita ya ɗora bisa ƙwaya kada ya bari don ya ji ransa ya yi sanyi. Haka mutumin da ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ya daina cin abinci, ya daina fita, ba ya jin daɗin abin da ya saba so, ko matar da ta shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Ciwo ne ya kama su, akwai maganinsa. In aka ce musu rashin godiya ke damunsu, an ɗora musu laifi bisa ciwo, su kan kuwa ja baki su yi shiru, abin ya yi ta ci. A kai su asibiti mafi kusa, daga can in hali ya yi a tura su manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya, kamar na Barnawa a Kaduna, ko na Kware kusa da Sakkwato, ko na Maiduguri. Wanda ya ambaci kashe kansa ko sau ɗaya, ba a jira sai gobe.

Haɗari na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, gama yana zuwa ne da kamar nasiha. Mutanen ƙauye su zo su ce rijiyar burtsatsensu ta lalace wata uku ke nan, ko malamin asibiti ba ya zuwa, sai a ce musu su gode, wani gari ma ba su da ko rijiyar. Duk gwaje-gwajen da aka ambata, mutane ne suka yarda da kansu su ƙirga alherinsu, cikin sirri, ba wanda ya tsaya a kansu. Babu ko ɗaya da ya nuna cewa a umarci mai kuka ya gode yana ƙara masa lafiya. Yaran da ke shan ruwan kududdufi za su kamu da gudawa ko iyayensu sun gode ko ba su gode ba. Aikin hakimi a nan shi ne ya sa malaminsa ya rubuta kukan, da ranar da aka kawo shi, ya aika wa Ƙaramar Hukuma da fadar Sarki, ya kuma bi sawu.

Inda hakimi ke da iko sosai a wannan al'amari shi ne godiyar da ke gangarowa daga sama. A ƙasarsa akwai mutane da yawa da ke aiki ba wanda ke ambatonsu: ungozoma da ke tashi tsakar dare, masu allurar rigakafi da ke bin gida gida cikin rana, malamin makarantar da ke nesa da hanyar mota, samarin da suka yi gayya suka cike ramin hanya kafin damina. Sau da yawa manya ba sa gode wa irin waɗannan, ba don raini ba, sai don suna ganin ai an sani, ko kuwa faɗin zai zama wani iri. An gwada wannan ma. A 2018 Amit Kumar da Nicholas Epley, a Jami'ar Chicago, suka sa mutane su rubuta takardun godiya, su kuma yi kintacen yadda wanda aka aika wa zai ji, sa'an nan aka tambayi waɗanda suka karɓa. Marubutan sun raina murnar da takardunsu za su jawo, sun kuma zaci mai karɓa zai ji kunya fiye da yadda ya ji. Su hankalinsu yana kan ko kalmominsu sun yi kyau, masu karɓa kuwa abin da ya dame su shi ne an tuna da su.

Nan aikin malamin hakimi ya shigo. Takardar godiya ba ta bukatar dogon kirari. Bayan gaisuwa, a ambaci sunan mutumin, da abin da ya yi, da ranar da ya yi shi, da wanda ya amfana. A ce, misali, ran Talata da dare ta bi ruwa ta je unguwar kaza ta karɓi haihuwa, uwa da ɗa suna lafiya, Hakimi ya ji, ya kuma gode. Layi huɗu irin waɗannan sun fi shafi guda na yabon da za a iya aika wa kowa. Kada a haɗa ta da wata bukata ko umarni a ƙarshe, gama nan da nan mai karɓa zai ɗauke ta sharar fage. In mutumin bai iya karatu ba, a karanta masa a gaban dagacinsa, ko Hakimi ya faɗa da bakinsa ran rangadi.

Wanda kuma ya ke so ya gwada abin a kansa, littafin rubutu ƙarami ya isa, da boko ko da ajami. Ya zaɓi dare ɗaya a mako, kafin ya kwanta, ya rubuta abu 3 zuwa 5 da suka yi masa daɗi a makon, ko wanne da dalilinsa da wanda ya yi sanadi, ya kuma guji maimaita na makon jiya. Ya ci gaba har mako 6 ko 10, kamar yadda aka yi a gwaje-gwajen, yana lura da lokacin da barci ke ɗaukarsa da yadda ya ke tashi da safe. In bayan wannan rashin barcin bai ragu ba, ko kuwa yana tare da ciwon kai, ko faɗuwar gaba, ko yawan fitsarin dare, sai ya tafi asibiti a auna jininsa da sukarinsa.